Itatuwa Bakwai a Hannun Hagu

Mainasara direban a-kori-kura ne, yana ɗaukar albasa da busasshen kifi daga Wara zuwa duk inda kasuwa ta kira. Wanda ya san direbobi kuwa ya san ba sa dawowa hannu rabbana, in ba su kawo tsaraba ba za su kawo ra'ayi. Shekarar da ya kai kaya Sakkwato ya ratsa unguwar manyan ma'aikata, ya ga yadda kowane gida yake da 'yar hanyarsa daga titi zuwa ƙofa, itatuwan dogon yaro jere dama da hagu kamar 'yan sanda a fareti. Tun daga nan abin ya shiga ransa ya yi zaune.

Da Allah ya hore masa ya gina gidansa a kan tudu bayan garin Wara, sai ya ja shi baya da titi, taku saba'in, don kawai a samu inda za a jera itatuwa. Lokacin ana gangamin dashe, irin ma kyauta ake bayarwa. Ya je wurin Garba, mai kula da gandun renon itatuwa, ya karɓo dogon yaro ashirin da huɗu. Ya ja igiya, ya auna, ya dasa goma sha biyu dama, goma sha biyu hagu, ko ɗaya bai kauce ba. Katangar gidan ya shafe ta da farin fenti, ya sa ƙyauren ƙarfe na mota a tsakiya, ƙofar zaure a hannun dama. Cikin damina biyu itatuwan suka wuce kansa. Da yamma yakan tsayar da mota a bakin titi ya fito ya yi ta kallonsu, wai yana duba taya.

Abu ɗaya ya rage masa: Innarsa, Hansatu.

Inna Hansatu mutuniyar Gungun Maje ce, wani tsibiri a tsakiyar kogi wanda yanzu ba ya nan. Da aka datse ruwa a Kainji tafki ya hau ya shanye shi, da gonakin albasa, da kushewar mijinta Shu'aibu, mahaifin Mainasara. Aka kwashe mutanen aka zuba su a gidajen siminti na gwamnati, nan ta yi shekara goma sha shida tana kushe su. A cikin shekarun nan ciwon idon da ke bin mutanen bakin kogi ya yi ta cin ganinta a hankali har ya cinye. Mainasara ya yi ta roƙo ta dawo wurinsa, ya aika dattawa, ya aika matarsa Zuliha. Da ƙyar ta yarda, da sharaɗi guda: ba mai ja mata sanda. Ta ce ƙafar da ta kai ta kwata ɗibar ruwa shekara arba'in ba ta mutu ba.

Sati biyun farko lafiya. Ta koyi tsakar gida da hannu, ta san inda randa take, ta san turmi. Shi kuma da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, sai ta ce Direba, cikin muryar da ba ka sanin yabo ne ko zolaya.

Ranar kasuwar Wara matan tsohon garinsu sukan wuce ta titin da kwandunan albasa. Inna ta ji muryoyinsu suna yarensu na Gunganci, ta ɗauki sandarta ta bi sautin har bakin titi. Aka gaisa, aka tambayi na gida, aka yi dariya, matan suka wuce. Da ta juyo ba sauran muryar da za ta bi. Ta lalubi itace ta kama. Ta matsa ta kama wani. Ta murza ganye ta shinshina, ta kama na uku. Wata babbar mota ta wuce da ƙara, ta razana ta juya, daga nan ba ta ƙara sanin ina titi ina gida ba. Ta ratsa tsakanin itatuwa biyu ta faɗa gonar dawar maƙwabci.

Sai bayan azahar wata Bafulatana mai tallan nono, Dudu, ta tsince ta zaune a kan kunyar gona, ƙaiƙayi ya cika mata wuya, takalmi ɗaya ya ɓace. Dudu ta riƙo hannunta ta kawo ta gida a gaban kowa. Ba wanda ya yi dariya, amma Inna ta ji shirun da aka yi, kuma shi ya fi mata ciwo.

Daga ranar ta shiga ɗaki ba ta ƙara fitowa ba sai don alwala. Tuwon da Zuliha ta kai mata yakan dawo an ɗan gutsuri gefe. Mainasara ya dawo daga Yelwa ya tarar da haka, hankalinsa ya tashi. Ya tsuguna a bakin ƙofarta.

"Inna, an ce kin ɓace hanya."

"Direba, iccen ga naka duk uwa ɗaya ta haihe su?"

"Dogon yaro na, Inna. Shi aka yayi yanzu, har Sakkwato."

"Na taɓa na hwari, na taɓa na biyu, na taɓa na ukku. Ɓawo ɗai, ganye ɗai, ɗaci ɗai. Ba wanda yac ce mini ga gaba ga baya. Wanga ba hanya ba ta, ado na don masu ido."

Zuliha, da kyakkyawar niyya, ta ce ai sai a ɗaura igiya daga itace zuwa itace Inna ta riƙa bi. Inna ta ce ita ba tunkiya ba ce. Sannan ta faɗi abin da Mainasara yake tsoro tun farko: a mayar da ita gidan siminti, can ko ba komai ba ta da inda za ta je balle ta ɓace.

Kwana uku yana juya maganar. Ya ji haushi, gaskiya, don bai taɓa zaton akwai mahalukin da zai kushe itatuwansa ba. Amma tsoro ya fi haushin yawa. Ya san in ya mayar da ita, zaman ɗakin nan za ta ci gaba da yi har ya zama ajalinta. Rana ta huɗu da la'asar ya same ta tana ɓarar gyaɗa a bakin ƙofa, ya zauna a ƙasa.

"Inna, can gidan simintin wace hanya kinka sani?"

"Babu. Hanyar da nis sani tana ƙarƙashin ruwa."

"To a Gungu ƙaƙa kika zuwa kwata da asuba, tun ba a ganin tahin hannu?"

Hannunta ya tsaya a kan gyaɗar. Sannan ta fara, kamar mai biya karatun da ta haddace tun tana yarinya. Ta ce in ka cika tulu ka ɗora a ka, hannun dama na riƙe da shi, hagu ce mai gani. Giyayya ce ta farko, ƙafarta cikin ruwa. Taku goma sha biyu sai ceɗiya, inda masu jirgi ke jingine filafili. Taku bakwai sai ɗinya, wadda 'ya'yanta ke ɓata wa mutum tafin ƙafa. Daga nan da ɗan nisa, taku goma sha biyar, mangwaron da Malam ya dasa shekarar da aka haifi wani mai taurin kai. Malam take ce wa mijinta. Sai tsamiya, taku tara. Sai aduruku, taku shida. Sai lemun tsami, taku goma, wanda in ka ji ƙamshinsa ka iso.

Mainasara yana da shekara ashirin da biyu aka tashe su daga Gungu. Ya bi hanyar nan sau dubu, amma da an tambaye shi da mangwaron kaɗai zai tuna. Ya ji kunya ta kama shi. Ya zaro biro daga aljihu, ya yage murfin wani kwali, ya ce ta sake faɗa a hankali.

"Mi zaka yi da shi?"

"Ki ba ni damina biyu, Inna. In sun wuce ba ki gamsu ba, ni da kaina zan kai ki."

"Wa yab ba ni damina biyu da zan ba ka?"

Ya ninke murfin kwalin ya sa a aljihu. Ita dai ba ta sake tayar da zancen komawa ba, shi kuwa ya ɗauki wannan a matsayin yarda.

Washegari ya ɗauki gatari. Dogon yaro ba a sare shi a bar kututture, sai ya sake toho, don haka sai da ya tone goma sha biyun hannun hagu har saiwa. Kwana biyar yana yi, bai yarda kowa ya taya shi ba, kuma a ganina don kada a ga fuskarsa ne. Haruna, abokin aikinsa a tasha, ya tsaya da motarsa ya leƙo.

"Mainasara, lahiya? Mutum ya aske rabin gemu ya bar rabi?"

"Haka nika so."

"To Allah shi ba ka lahiya," in ji Haruna, ya ja mota. Kafin la'asar duk tasha ta ji labari.

Ya kai wa Garba murfin kwalin. Garba ya karanta sau biyu, ya cire hula ya sosa kai. Mutum ne da ya yi shekara ashirin yana raba dogon yaro da itacen turare, ba wanda ya taɓa zuwa masa da irin wannan jeri. Ya ce mangwaro da lemu yana da su. Tsamiya akwai 'yan kaɗan a bayan rumfa da ba mai so. Ceɗiya da aduruku reshe ake sara a kafa, kuma gara haka, tun ranar farko za su kai tsayin hannu. Ɗinya sai an nema a daji a cire da ƙasarta.

"Amma giyayya, Mainasara, iccen fadama na. Bisa tudu ba ta rayuwa. Ku mutanen gungu kun ɗauka ko'ina ruwa na nan ƙarƙashin ƙahwa. Ka sa wani abu madadinta."

"Ita ta ta hwari. In babu ta ba a san inda hanya tat tashi ba."

Da ya gaya masa dalili, Garba ya mayar da hularsa. Ya ce a samo tsohon tulu a huda gindinsa da ƙusa, a binne shi har wuya kusa da saiwar, a riƙa cika shi kowace safiya. Bai yi alkawarin za ta rayu ba. Ran Juma'a sai ga shi a kan kekensa, ya zo da kansa ya ga ramukan.

Wurin awo aka yi rigima. Mainasara ya auna taku goma sha biyu da ƙafarsa ta namiji mai sauri, ya haƙa rami. Zuliha ta ce wannan ba takun mace mai tulu ba ne. Aka rasa mai raba gardama, dole aka koma ga mai hanyar. Inna ta yi tsaki ta ce ba abin da suka iya, ta ɗauki sanda ta fito, karo na farko tun ranar da ta ɓace a gonar dawa. Ta taka, Garba yana binta yana kafa turke duk inda ta tsaya. Da aka gama sai ga turaku bakwai a warwatse, wani kusa wani nesa, suna fuskantar dogon yaro goma sha biyu da ke tsaye a hannun dama cikin tsari. Mainasara ya kalli abin ya kawar da kai.

Asibi, matar maƙwabcinsu mai gonar dawa, ta shigo takanas ta ce ba a dasa tsamiya a bakin gida, matattarar iskoki ce. Inna ta ce shekara arba'in tana wuce tsamiya da asuba tana da ido ba ta ga kowa ba, yanzu kuwa ko sun zo sai dai su yi ta kallonta. Asibi ta fita tana dariya, tsamiya ta zauna.

Saura awaki. Kowa a Wara da ƙaya yake kare dashensa, Mainasara ma har ya saro ta ya tara. Sai ya tuna hannun wa zai bi wurin. Ya kwashe ƙayar ya zubar, ya zauna ya saƙa wa kowane itace keji na karan dawa, irin saƙar da mahaifinsa ya koya masa ta kama kifi, wadda ya ɗauka ya manta. Awaki sun ci aduruku sau biyu duk da haka, sau biyu yana sake kafawa.

Giyayyar farko ta mutu a bazara. Ya koma bakin tafki inda ruwa ya janye ya ciro wata da laka, ya ƙara tulu na biyu. In zai yi tafiya mai nisa Zuliha ke cika tulunan, tana mita tana cikawa, wai an aurar da ita ga icce. Ta biyun ta yi kamar za ta bi 'yar'uwarta, ganyen ya zube saura uku, sannan da ruwan farko ya sauka ta farfaɗo.

Inna kuwa ta sami aikin yi. Kullum da hantsi sai ta sa Zuliha ta tsinko mata ganye ɗaya daga kowanne, ta murza ta shinshina ta faɗi sunansa, ta kuma faɗi wanda ke jin ƙishi. Tuwo ya daina dawowa. Amma hanyar ba ta taka ta ita kaɗai ba. Ta ce sai sun isa su gaishe ta a tsaye, ba za ta duƙa wa jikokinta ba.

Damina ta biyu ta wuce. Ceɗiya ta yi kai, mangwaro ya kai kafaɗa, lemu ya kai ƙugu, aka cire kejin kara. Wata ranar kasuwa da safe Inna ta yi wanka ta ɗaura zanenta na saƙi, ta ce wa Direba ya kai ta bakin titi a mota ya ajiye ta, kuma in ya kuskura ya biyo ta da ƙafa ba ta yafe ba. Ya kai ta. Ta gaisa da matan Gungu, suka wuce. Shi ya bar motar a can ya zagaya ta bayan dogon yaro ya tsaya a ƙofar zaure. Zuliha na leƙe ta bayan ƙyaure.

Inna ta miƙa hannun hagu. Giyayya ce, siririya, ko kaurin sandarta ba ta yi ba. Ta riƙe ta ta daɗe. Sai ta ɗaga hannun dama, da sandar a ciki, ta kai shi saitin kai kamar mai tallafe tulu, ta fara tafiya. Sandar ba ta ƙara taɓa ƙasa ba. A ceɗiya ta shafa ta wuce. A ɗinya ta ɗaga ƙafa kamar mai gudun taka wani abu, alhali itacen bai taɓa yin ɗa ba. A mangwaro ta tsaya, leɓunanta suna motsi, ba wanda ya ji abin da ta ce. Tsamiya, aduruku, tafiyar tana ƙara sauri, bayanta da ya ranƙwafa ya miƙe. Mainasara ya ga matar da ya sani yana ƙarami tana tahowa daga kwata, idonsa ya cika.

Ta iso lemun tsami ta murza ganye. Ƙofar zaure na hannun dama, taku biyar, yana tsaye a cikinta. Inna ta karkata hagu ba tare da wata shakka ba, ta yi taku huɗu, ta sunkuyar da kai kamar mai shiga ƙaramar ƙofa, ta miƙa hannu. Hannun ya daki katanga.

Ta shafa sama, ta shafa ƙasa. Ta matsa gefe ta sake shafawa. Sannan hannun ya sauka a hankali, bayanta ya koma ya ranƙwafa, sandar ta dawo ƙasa. A Gungu ƙofar gidan Malam tana hagu da lemu. Shi bai tambaya ba, ita kuma ba ta ga abin faɗa a ciki ba, don wa ke gaya wa ɗa inda ƙofar gidan ubansa take?

"Na manta," ta ce, ba da kowa take ba. "Ba can ba na."

Zuliha ta yunƙura za ta je ta kamo ta, Mainasara ya tare ta da hannu. Ya ce, "Inna, ki zauna nan gindin lemu kaɗan, kada ki gusa." Ya shiga gida ya ɗauko babbar gudumar da yake gyaran mota da ita, ya zagaya ta ciki, ya ƙirga bulo har saitin inda take. Katangar nan ita ce ya yi wa fenti sau biyu, ita ce ake hangowa daga titi. Ya ce wa Zuliha ta matsar da Inna baya kaɗan da baki, ba da hannu ba. Ya ɗaga gudumar.

Bugu na shida bulon farko ya faɗa waje. Inna ta ɗaga kai.

"Direba, mi kaka rushewa?"

"Ƙohwa ta, Inna. Magina sunka manta ba su buɗe ta ba."

Ya yi ta bugu har rana ta take, gumi ya jiƙe rigarsa, Haruna ya wuce a mota ya rage gudu ya kalla. Da ramin ya isa mutum ya shiga a sunkuye, ya kwashe ɓaraguzan da hannu, Zuliha ta share wurin tas don kada wani abu ya soki ƙafa.

Inna ta tashi. Ba ta nufi ramin ba, sai ta koma ta kama lemun tukuna, ta murza ganye, ta karkata hagu, ta yi taku huɗu, ta sunkuya. Hannun ya wuce bai taɓa komai ba. Ta tsaya da ƙafa ɗaya a ciki ta yi sallama, da muryar mai shiga gidanta.

Mainasara ya amsa daga ciki, gudumar na hannunsa. Mutanen Gungu sun sha gaya masa muryarsa ta Shu'aibu ce sak, bai taɓa ɗaukar zancen da muhimmanci ba sai da ya ga yadda fuskarta ta yi.

"Na dawo," in ji ta.

"Sannu da dawowa, Inna."

Ta jingine sandar a jikin katanga daga waje, ta shiga ta bar ta a nan.